Sarrafa Lokaci da Dabarar Kintace a Jarrabawar Shiga Makarantun Kasuwanci: Nazari ta Fuskar Harshe

1.0 Gabatarwa

Kowace shekara Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa tana yaye ɗalibai a fannin tattalin arziki da gudanarwa, kuma daga cikinsu akwai masu burin ƙaro ilimi a manyan makarantun kasuwanci na ƙetare. Ƙofar irin waɗannan makarantu ba ta buɗuwa da takardar lisans kaɗai. Mafi yawansu suna neman sakamakon wata jarrabawa ta musamman: TAGE MAGE ga mai nufin karatu da Faransanci, ko GMAT ga mai nufin karatu da Ingilishi. Jarrabawoyin biyu duk na zaɓen amsa ne, kuma an tsara su ta yadda lokaci ba zai wadaci mafi yawan masu zama ba.

Mai karatu zai iya tambayar abin da ya haɗa mujallar ɗaliban kimiyyar harshe da jarrabawar ƴan kasuwanci. Amsar ita ce, ga ɗan Adar, babban kaso na lokacin da ke salwanta a zauren jarrabawa a wajen karanta tambaya yake salwanta. Ɗalibin da ya tashi a Tawa ko Keita ko Barmu da Adaranci a bakinsa, wataƙila da Tamajak ko Fulatanci a kunnensa, ya yi karatun boko da Faransanci, sannan aka ɗora masa Ingilishi a matsayin darasi, yana amsa tambaya ne da harshensa na biyu ko na uku. Wannan maƙala za ta nuna cewa sarrafa lokaci da iya kintace abu ɗaya ne, kuma sanin yadda harshe ke aiki shi ne makamin da ya fi kusa da hannun ɗalibi a kan duka biyun.

2.0 Ma'anar Kalmomi

Hausa tana da kalmomi da dama a wannan fage, kuma ma'anarsu ba ɗaya ba ce. "Canki" shi ne zaɓe ba da wani dalili ba, kamar yadda yara ke yi a wasa idan an ɓoye abu a ɗaya daga cikin hannaye biyu. "Shaci-faɗi" magana ce da ba ta da tushe. "Hasashe" ya fi karkata ga abin da zai zo nan gaba. "Kintace" kuwa auna abu ne da ido ko da hankali ba tare da ma'auni ba, irin wanda dillalin dabbobi ke yi a kasuwar Tawa idan ya dubi rago ya faɗi kuɗinsa. Dillalin bai ɗora ragon a kan sikeli ba, amma hukuncinsa ya dogara da alamu. A wannan maƙala, "canki" na nufin zaɓen amsa ido rufe, "kintace" kuma zaɓen amsa bayan an kawar da wasu bisa hujja.

3.0 Tsarin Jarrabawoyin Biyu

3.1 TAGE MAGE

Gidauniyar FNEGE ta ƙasar Faransa ce ke shirya wannan jarrabawa, kuma makarantu irin su HEC da ESSEC suna karɓar sakamakonta. Tambayoyi 90 ne, an kasa su sashe 6, kowane sashe tambaya 15 cikin minti 20. Sassan su ne: fahimtar rubutu, lissafi, kafa hujja, isar bayanai, iya sarrafa Faransanci, da kuma gano tsarin jerin lambobi da haruffa da siffofi. Kowace tambaya tana da amsoshi 5. Ba a amfani da na'urar lissafi, kuma idan lokacin sashe ya cika ba a komawa gare shi. Ana bayar da sakamako bisa maki 600. Idan aka raba minti 20 gida 15, kowace tambaya ta sami sakan 80 ke nan.

3.2 GMAT

Hukumar GMAC ta Amurka ce ke da wannan jarrabawa, wadda aka fara a 1954, aka kuma mayar da ita kan kwamfuta a 1997. Sabon tsarinta, wanda ya fito a ƙarshen 2023, yana da sashe 3, kowane minti 45: lissafi, tambaya 21, fahimtar rubutu da hujja, tambaya 23, nazarin bayanai, tambaya 20. Sakamako yana farawa daga 205 zuwa 805. Matsakaicin rabon kowace tambaya bai wuce minti 2 da ƴan sakanni ba, a sashen fahimtar rubutu ma bai cika minti 2 ba.

Babban abin da ya bambanta GMAT shi ne kwamfuta tana bin sawun mai amsa. Idan yana cin tambayoyi sai ta miƙo masa masu wuya, idan yana faɗuwa sai ta sassauta. Saboda haka ba a tsallake tambaya: sai ka zaɓi amsa sannan ta gaba za ta bayyana. Sabon tsarin ya yi rangwame ɗaya. Mai zama yana iya yi wa tambaya alama, kuma idan ya kammala sashe da sauran lokaci, zai iya komawa ya sauya amsa har 3. Wanda lokaci ya cimma bai kai ƙarshen sashe ba kuwa, makinsa na raguwa saboda tambayoyin da bai amsa ba.

4.0 Lissafin Kintace

Da yawa daga cikinmu mun taso da tarbiyyar cewa faɗin abin da ba ka tabbatar ba abin kunya ne. Tarbiyya ce mai kyau a zaman duniya, amma jarrabawar zaɓen amsa da lissafi take aiki, kuma lissafin a fili yake.

A tsohon tsarin TAGE MAGE, amsa daidai maki 4 ce, kuskure kuma ana cire maki 1. Wanda ya yi canki a tambaya 5, bisa ƙiyasi zai dace da ɗaya ya sami 4, ya kuskure huɗu a cire masa 4, ya tashi ba riba ba hasara. Amma da zarar ya kawar da amsa ɗaya, ma'auni ya karkata gare shi: a tambaya 4 zai sami 4, a cire 3. Idan ya kawar da biyu, a tambaya 3 zai sami 4, a cire 2. Idan amsa biyu kaɗai suka rage, a tambaya 2 zai sami 4, a cire 1. Ke nan ko a zamanin da ake hukunta kuskure, kintace riba ne. Daga baya an daina cire maki, don haka barin gurbi ba amsa ya zama hasara tsantsa: tambaya 5 da aka bari fayau daidai suke da zubar da amsa ɗaya, wato kusan maki 7 cikin 600. Tunda masu shirya jarrabawa kan sauya ƙa'ida, wajibi ne ɗalibi ya karanta tsarin bayar da maki na shekarar da zai zauna kafin ya tsara dabararsa.

A GMAT hujjar ta ɗan bambanta. Tunda kwamfuta tana ƙara wuya ga wanda ke ƙoƙari, dole ne kowa ya gamu da tambayar da ta fi ƙarfinsa, kuma ganin irinta sau da yawa alama ce ta cewa abubuwa na tafiya daidai. Kuskure a tambaya mai wuya sosai bai cika yi wa maki illa ba. Abin da ke rusa maki shi ne kuskure a jere a tambayoyin da ɗalibi ya iya, kuma hakan na faruwa ne a ƙarshen sashe, ga wanda ya kashe minti 5 a kan tambaya ɗaya tun farko. Akwai wata magana da ta yaɗu cewa tambayoyin farko su ne komai, don haka a zuba masu lokaci. Mai bin wannan shawara yakan biya bashin da ya ci a tambayoyin ƙarshe, da riba a kai.

5.0 Inda Harshe ke Cin Lokaci

Wani nazari da masani Marc Brysbaert ya wallafa a 2019 ya ƙiyasta cewa baligi mai karanta Ingilishi a zuci yana karanta kimanin kalma 238 a minti idan rubutun na ilimi ne. Mai karatu da harshe na biyu yakan gaza haka, kuma ya fi yawan komawa baya ya sake jimla. Saurin karatu ba ya sauyawa cikin mako guda, amma ana iya sanin wuraren da tarko yake, a daina faɗa masa.

5.1 Kalmomin adadi

Idan Bahaushe ya ce "wasu ɗalibai sun ci jarrabawa", mai sauraro zai fahimci cewa ba duka suka ci ba. Wannan fahimta ba a cikin kalmar "wasu" take ba. Ta fito ne daga ƙa'idar zance wadda masanin falsafar harshe Paul Grice ya yi bayani a maƙalarsa ta 1975: muna ɗauka cewa da duka ne suka ci, da mai magana ya faɗa. A tambayoyin hujja ana ajiye wannan ƙa'ida gefe. "Some" na Ingilishi da "certains" na Faransanci suna nufin aƙalla ɗaya, mai yiwuwa ma duka. Duk amsar da ta ginu a kan cewa "wasu sun ci, saboda haka wasu sun faɗi" ana iya kawar da ita nan take.

Haka nan, idan rubutu ya yi magana da taka-tsantsan, da kalmomi irin su "often" ko "souvent", amsar da ta zo da "always" ko "jamais" ta faɗi abin da rubutun bai faɗa ba. Ba kullum irin wannan amsa ke zama kuskure ba, amma ita ce ta farko da ya kamata a tuhuma.

5.2 Sharaɗi

A nan Hausa tana da kalmar da ta fi kowace taimako, wato "sai". A dubi waɗannan jimloli:

(1) In ka biya kuɗin rajista, za ka zauna jarrabawa.
(2) Sai ka biya kuɗin rajista za ka zauna jarrabawa.

Jimla ta (1) ta ce biya ya wadatar. Jimla ta (2) ta ce biya wajibi ne, amma ba ta yi alƙawarin ya wadatar ba, domin mai biya zai iya makara ko ya manta katin shaidarsa. Kowane Bahaushe yana jin wannan bambanci ba tare da an koya masa ba. "If" da "si" su ne jimla ta (1). "Only if" da "seulement si" su ne ta (2). "Unless" da "à moins que" kuwa su ne "sai dai in". Tambayoyin hujja da yawa a kan musanya (1) da (2) aka gina tarkonsu, kuma ɗalibin da ya mayar da jimlar zuwa "in" ko "sai" a zuciyarsa zai gano shi cikin sakan kaɗan.

5.3 Korewa

Tambaya takan ce a zaɓi amsar da "ba ta" raunana hujja ba, ko ta ƙare da "except" ko "sauf". Hausa tana yi wa korewa alama biyu a mafi yawan jimloli, "ba" a gaba da "ba" a baya, Faransanci ma yana da "ne" da "pas". Ingilishi kalma ɗaya yake sakawa, wani lokaci ma a cikin ma'anar aikatau yake ɓoye ta, kamar "fail", "deny" da "lack". Idon da ya saba da alama biyu yana iya tsallake ɗaya. Maganin shi ne a fara karanta jimlar tambaya kafin rubutun da ke samanta, a kuma rubuta alamar korewa a takardar gwaji.

5.4 Kalmomin da suka yi kama

Wanda ya yi karatu da Faransanci yana shiga Ingilishi da jari mai yawa, domin harsunan biyu sun yi tarayya a dubban kalmomi. Amma a cikin jarin akwai jabu. "Actually" ba "actuellement" ba ne, ma'anarsa "a gaskiya". "Eventually" na nufin "daga ƙarshe", alhali "éventuellement" na nufin "mai yiwuwa". A lissafi abin ya fi haɗari. A ajin lissafi na Faransanci, "positif" ya haɗa da sifiri, amma "positive" na Ingilishi bai haɗa ba. "Supérieur à" a al'adar lissafin Faransa yana iya haɗawa da daidaito, "greater than" kuwa ba ya haɗawa. "Billion" na Ingilishi shi ne "milliard" na Faransanci. Sannan 1,500 ɗaya da rabi ne a rubutun Faransanci, amma dubu ɗaya da ɗari biyar ne a na Ingilishi. Ɗalibi zai iya yin lissafi daidai daga farko har ƙarshe, ya faɗi saboda waƙafi ɗaya.

6.0 Misali daga Tambayoyin Isar Bayanai

Irin wannan tambaya tana cikin jarrabawoyin biyu, kuma a nan ne kintace ya fi biya. Ana ba da tambaya da bayani biyu, a nemi a faɗi ko bayanan sun isa a amsa. Amsoshin ba sa sauyawa: A, bayani na farko kaɗai ya isa, B, na biyu kaɗai, C, sai an haɗa su, D, kowane ya isa shi kaɗai, E, ko an haɗa ba su isa ba. Ga misali:

Nawa ne kuɗin buhun gero ɗaya?
(1) Buhun gero 2 da buhun wake 1 sun kama jika 80.
(2) Buhun gero 4 da buhun wake 2 sun kama jika 160.

Bayani na farko bai isa ba, domin kuɗi biyu ne ba a sani ba, magana kuma ɗaya. Da wannan hukunci kaɗai A da D sun fita, saura amsa 3. Na biyu ma bai isa ba, B ta fita. Saura C da E, kuma ko a nan lokaci ya ƙare, damar dacewa ta tashi daga ɗaya cikin biyar zuwa ɗaya cikin biyu. Mai gaggawa zai zaɓi C, yana ganin magana biyu ta isa warware abu biyu. Amma bayani na biyu na farkon ne aka ninka, bai ƙara komai ba. Amsa ita ce E. A lura cewa ba a nemi kuɗin geron ba, an tambayi ko za a iya saninsa ne. Ɗalibin da ya tsaya warware lissafin har ƙarshe yana kashe lokaci a kan aikin da ba a sa shi ba.

Yana da kyau a tuna cewa ɗan Nijar yana da horon lissafin ka wanda bai cika lura da shi ba. Duk wanda ke jin "dala arba'in" ya san sefa 200 ake nufi, yana ninkawa da biyar kullum a kasuwa ba tare da alƙalami ba. Wannan sabo na zagaye lamba da auna ta shi ake buƙata wajen kawar da amsoshin da suka yi girma ko ƙanƙanta fiye da ƙima.

7.0 Tsarin Aiki a Zauren Jarrabawa

Duba agogo bayan kowace tambaya yana raba hankali. Abin da ya fi shi ne a kafa zango, kamar yadda direban da ya taso daga Tawa zuwa Yamai ya san lokacin da ya kamata ya wuce Ƙonni da Doso.

A GMAT, sashen lissafi: bayan tambaya ta 7 ya kamata a ga saura minti 30, bayan ta 14 saura 15. Sashen fahimtar rubutu: bayan ta 8 saura kimanin 29, bayan ta 16 saura 14. Sashen nazarin bayanai: bayan ta 10 saura kimanin 22. Wanda ya ga ya makara da fiye da minti 3, kada ya ƙara sauri a kan dukkan tambayoyi, domin sauri ya haifi nawa. Ya zaɓi tambaya ɗaya ko biyu daga irin waɗanda ya san ba ya ƙarfi a kansu, ya kintata cikin sakan 20, ya yi masu alama, ya ci gaba da sauran cikin natsuwa.

A TAGE MAGE, inda ake iya zagayawa cikin sashe, a yi zagaye uku: minti 12 na farko ga tambayoyin da hanyarsu ta bayyana, minti 6 ga waɗanda aka tsallake, minti 2 na ƙarshe a cike duk gurbin da ya rage.

Ga ƙa'idar da ta shafi jarrabawoyin biyu. Idan rabin lokacin tambaya ya wuce ɗalibi bai ga hanya ba, ya daina neman amsar daidai, ya koma neman waɗanda ba daidai ba. Idan ya karanta jimla sau uku bai fahimce ta ba, karatu na huɗu ba zai sauya komai ba. Zuciya takan ce, tunda an riga an kashe minti 3, a ƙara ɗaya kada su tafi a banza. Mintunan sun riga sun tafi ko an ƙara ko ba a ƙara ba, kuma na huɗun daga rabon wata tambaya za a ɗebo shi.

8.0 Shiri

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kuɗin zama GMAT ya haura dalar Amurka 200, ban da kuɗin mota da masauki ga wanda zai bar Tawa, kuma sau da yawa dangi ne ke haɗa shi, har da ƴan uwan da ke neman kuɗi a Abijan. Ana iya sake zama bayan kwana 16, kuma sakamako yana aiki shekara 5, amma ba kowa ke da halin biya sau biyu ba. Saboda haka gwaji na gida ya kasance da agogo tun makon farko. Bayan kowane gwaji, ɗalibi ya kasa kurakuransa gida uku: wanda rashin sani ya jawo, wanda rashin fahimtar lafazin tambaya ya jawo, da wanda ƙarancin lokaci ya jawo. Ya kuma rubuta tambayoyin da ya ci amma suka cinye masa fiye da minti 3, domin su ma hasara ce da ta ɓuya. Daga wannan rajista ne zai san irin tambayoyin da zai sadaukar ranar jarrabawa, ya yanke hukuncin tun yana gida hankalinsa kwance.

9.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa a TAGE MAGE da GMAT kintace wani ɓangare ne na aikin, kuma ingancinsa ya dogara da yawan amsoshin da aka iya kawarwa bisa hujja. Ta kuma nuna cewa hujjar sau da yawa ta harshe ce: kalmar adadi, sharaɗi, korewa, da kalmomin da suka yi kama tsakanin Faransanci da Ingilishi. Akwai aiki a nan ga ɗaliban kimiyyar harshe. Ƙaramin ƙamus mai harshe uku, Hausa da Faransanci da Ingilishi, na kalmomin hujja da na lissafi, wanda zai jera "sai" da "in" da "wasu" da "duk" kusa da takwarorinsu tare da misalai, zai amfani ƴan uwanmu na sashen tattalin arziki da gudanarwa, kuma zai iya zama batun kundin kammala karatu ga mai sha'awar ilimin ma'ana.